Har Abadan Yaya Sale

Na san abin da ake faɗa a kaina tun ranar da na tsawata wa Aminu a tsakar gidan mahaifiyarsa. Ana cewa tsufa ya fara taɓa Gwaggo Binta. Ana kuma cewa dama can ni mace ce mai ƙullaci, wai na yi gaba da yayana har ya koma ga Allah ban taɓa yafe masa ba. Maganar tsufa ban damu da ita ba, don gaskiya ce, gwiwoyina ma shaida ne. Amma ta biyun ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu yaɗa ta ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa muku yadda aka yi, ku 'ya'yan Rabi da 'ya'yanku, tun da sauran numfashina.

Ga waɗanda ba sa wurin, ga abin da ya faru. Aminu, ɗan Rabi 'yar yayana, ya yaye 'yarsa, sai ya ɗauke ta a gaban mata ya ɗora a cinyar yayarsa Hadiza, wadda ta daɗe a gidan miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Ya ce ya ba ta ita har abada. Mata suka rangaɗa guɗa, Hadiza tana share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina kallo.

Na ce, “Mayar da maganar nan bakinka, Aminu. Faɗi wadda za ka iya ɗauka.”

Guɗa ta tsaya, aka bi ni da kallo kamar na zubar da abincin biki. To, ku saurara.

An kawo ni Daura aure daga ƙauyenmu da ke bayan Dutsi, gidan Malam Idi mai fataucin tumaki da awaki, ba nisa da rijiyar Kusugu. Shekaru suka yi ta wucewa ko ɓari ban taɓa yi ba. Na sha rubutu, na sha saiwoyi masu ɗacin da har yau in na tuna sai yawu ya taru a bakina. Malam Idi, Allah ya jiƙansa, bai goranta mini ba, mutum ne da maganarsa ba ta da yawa. Amma gidan shiru yake, kuma shirun gidan da ba yaro wani irin abu ne da sai wanda ya zauna a cikinsa ya sani.

Yayana kuma Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, yana can ƙauye yana noma. Shi Allah ya yi shi da manyan kalmomi. Geronsa duk shekara ba a taɓa ganin irinsa ba. Jakinsa babu kamarsa daga nan har Baure. In ya ce maka duk gari sun fito, to mutum biyar ne da shi na shida. Ba maƙaryaci ba ne, kada ku ɗauke shi haka, bakinsa ne kawai ya fi hannunsa tsawo. Kowa a gidanmu ya san yadda ake rage wa maganarsa kashi kafin a ajiye ta, ni ma na sani, don tare muka tashi. Ku riƙe wannan, saboda daga baya an so a nuna ni ce sakarar da ba ta san halin ɗan'uwanta ba.

Matarsa Lami ta jera masa maza, sannan ta haifi Rabi. Rabi ba ta kai yaye sosai ba wani cikin ya shiga, sai aka aiko in je in ɗauko ta yaye kamar yadda aka saba. Na je da niyyar in riƙe ta wata ɗaya ko biyu ta manta da nono in mayar. Ina shirin goya ta, Yaya ya kira ni zaure, ga Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, zaune a kan buzu. Yaya ya ɗauki yarinyar da hannunsa ya miƙo mini.

Ya ce, “Binta, ga Rabi nan. Na ba ki ita halak malak, har abada. Ke za ki aurar da ita, ke za ki yi mata gara. Ni nawa in gan ta in sa mata albarka.”

Ban miƙa hannu nan da nan ba. Na ce, “Yaya, aro ne ko kyauta? Faɗa mini tun yanzu, in san irin riƙon da zan yi mata.”

Ya yi dariya ya ce, “Ana aron mutum ne? Ga Kawu nan shaida.”

Kawu ya gyaɗa kai ya ce Allah ya raya. Na leƙa ɗaki na tambayi Lami, ta ce abin da Yaya ya faɗa shi ne. Kun ga na tambaya. Ban wawuri magana a iska ba, sai da na ba shi ƙofar da zai rage ta, ya ƙi. Da ya ce aro ne, da na riƙe yarinyar da hannu biyu amma na bar wani lungu a zuciyata a kulle. Da ya ce kyauta, sai na buɗe ko'ina.

A bayana ta yi ƙyanda, a ɗakina ta fara haɗa magana, kuma da bakinta ya buɗe Inna ta kira ni, ba wanda ya koya mata. Ni na kai ta makarantar allo, ni na kai ta boko. A hannuna ta yi famfara, tana zuwa tana nuna mini giɓi tana dariya. Malam Idi da ba ya magana sai ga shi yana dawowa daga kasuwa da alewa a aljihu, yana tsugunawa yana yi mata bayanin tunkiya. Sai kuma gashinta. Allah ya ba Rabi gashi mai cika da tauri, ga fatar kai da ba ta son wahala. Makitsiyar unguwarmu ta gwada sau ɗaya, ihun yarinyar ya tara maƙwabta, ta ce kada a sake kawo mata ita. Ni na koyi yadda ake bi da shi. In jiƙa shi da man kaɗanya, in bar shi ya sha, in fara taza daga baki-baki ina hawa a hankali, kanta a cinyata ina ba ta labari har in gama shuku ba ta ce uffan ba. Ban da ni ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai.

Shekarar da abin ya faru, ƙanwar Rabi, wadda aka haifa bayanta, ta yi zazzaɓi da damina, Allah ya karɓi abinsa. Ita ce kaɗai macen da ke gaban Lami. Na goya kayana na kama hannun Rabi muka tafi ta'aziyya, na zauna har aka yi sadakar bakwai. Lami ta zama abin tausayi, ba ta ci, ba ta magana, sai dai ta zuba wa ƙofa ido. Da na ɗaure kaya zan dawo, Yaya ya ce in bar Rabi ta kwana biyu ta ɗebe wa uwarta kewa. Da zuciya ɗaya na yarda. Ni da kaina na ciro mata zane da riga daga ƙullina, na ce ta yi wa Lami biyayya.

Gero ya nuna, aka yanke, ba a kawo Rabi ba. Aka koma makaranta, malaminsu ya aiko yana tambaya. Na roƙi Malam Idi ya biya ya taho da ita in ya je cin kasuwa ta wajen. Ya dawo shi kaɗai, yana ta gyaran igiyar akuya da ba abin da ya same ta, don kada mu haɗa ido. Washegari na shiga motar kasuwa.

A zauren nan dai na same su, Yaya da Kawu, buzun ma shi ne. An aiki Rabi gona roron wake, kuma na san ba haka kawai aka aike ta ba. Na gaishe su, na ce na zo tafiya da 'yata. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ga halin da Lami take ciki, ga gida ba 'ya mace, ga makaranta nan ma akwai. Na bar shi ya gama, sannan na tuna masa abin da ya faɗa a wurin nan, kalma bayan kalma.

Ya ce, “Haba Binta, ai wannan maganar baki ce. Kowa haka yake faɗa in zai ba da riƙo. Ke ma kin san ɗa na mai ɗa ne.”

Na juya wajen Kawu, shaidata. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce ko a shari'a uba ke da iko da 'yarsa, in yi haƙuri, kayan aro ba ya rufe katara. Aro. Mutumin da yana zaune aka ce ana aron mutum ne, shi ne ya buɗe baki ya kira mini aro.

Ina so ku fahimci abin da ya ƙona ni, don nan ne masu ba da labarin suke karkacewa. Ban yi jayayya da shari'a ba, ban isa ba. Ban kuma ji haushin Lami ba, wace mace ce za ta ga uwa ta binne 'ya ta ji haushinta? Da Yaya ya dube ni ya ce, Binta, na faɗa, na kuma yi nufin abin da na faɗa, amma ga abin da Allah ya kawo, na kasa, ki taimake ni, wallahi da na yi kuka na kuma bar masa ita da hannuna. Mutum yana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne ya ce a sauke masa. Amma bai ce haka ba. Sai ya mayar da maganarsa ba komai ba, don kada ya zama ya karya ta. Ya bar ni tsaye a matsayin wawuyar da ta ɗauki gaisuwa ta mayar alkawari. Shekarun goyo da jinya da kitso duk suka koma kuskuren fahimtata. Ya karɓe yarinyar, ya haɗa har da gaskiyata ya karɓe, kuma yana yi yana murmushin lallashi kamar mai rarrashin yaro.

Na miƙe. Na ce wallahi ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba har abada. Na fita ban jira Rabi ta dawo daga gona ba, don na san in na gan ta ba zan iya tafiya ba.

Na dawo Daura na zauna da shirun da na sani a da, sai dai yanzu ya fi nauyi, don ga allonta jingine a bango, ga ɗan kwanonta. Maƙwabta masu zuga suna cewa na yi daidai, in nuna musu ni ma 'yar halak ce. Ina jin daɗin zugar, ba zan ɓoye ba, ita ce abincina a watannin nan.

Wata rana da la'asar Malam Idi ya dawo daga kasuwa, na ajiye masa abinci. Yana ci, idonsa a kan kwano, ya ce ya biya ta ƙauye ya ga Rabi. Ya ce tun kitson da na yi mata na zuwa ta'aziyya ba wanda ya sake taɓa kanta. Lami ta gwada, matan gida sun gwada, in aka matso da mataji sai ta ruga bayan rumbu. Gashin ya dunƙule ya zama kamar saƙar tabarma, har ƙuraje sun fito, kullum kanta a ɗaure da ɗankwali, yara suna tsokanarta. Ya ce Yaya ya yi magana da wanzami, ranar kasuwa mai zuwa za a aske shi tas.

Na ce masa ai na yi rantsuwa. Ya ce ya sani, ya ma riga ya tsaya wajen liman ya tambaya. Wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya aikata alherin, ya ciyar da miskinai goma. Daga nan ya ci gaba da cin tuwonsa. Mutumin nan bai taɓa ce mini je ki ko kada ki je ba, amma ya san inda zai ajiye magana.

Da safe na buɗe buhun geron da na saya da guminna, na auna, na bi gidajen tsofaffi da gwagware marasa ƙarfi na unguwarmu da ƙafata. Ban aika yaro ba, ban kuma ce sadaka ce kawai ba. Duk wadda na miƙa wa sai na ce mata na yi rantsuwa ne zan karya, wannan kaffarata ce. Wata maƙwabciyata, cikin masu zugar nan, ta tare ni a ƙofar gida tana dariya, ta ce ashe ni ma har abadan nawa bai ga sabuwar damina ba. Na ce mata haka ne, bai gani ba. Amma ni na ce na faɗa, na ce na kasa, ga kuma abin da na biya. Ki je ki tambayi Yaya Sale mudu nawa ya auna a kan nasa.

Na isa ƙauye da hantsi, da mataji da tsinken kitso da man kaɗanya a ƙulle. Yaya yana ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi yadda ƙanwa take gaida wa, ya amsa yana neman abin cewa, na wuce ciki. Rabi tana wanke-wanke a bakin randa. Da ta gan ni ba ta yi ihu ba, ta zo ta cusa fuskarta a cikina ta ƙanƙame ni. Na kwance ɗankwalin, na ga abin da ke ƙarƙashi, sai da na kau da kai.

A inuwar rumbu na shimfiɗa tabarma. Na jiƙa gashin da mai, na bi shi sili-sili da yatsa kafin mataji ya shiga. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka yi azahar aka dawo. Can sai ga Lami ta fito daga ɗaki, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta zauna a gefena, ta ɗauki kwanon man ta riƙe mini. Na lura idonta yana kan yatsuna, tana kallon inda nake farawa da yadda nake riƙe tushen gashin don kada ya ja fata. Da muka yi nisa ta yi magana a hankali, ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, “Binta, ni ban iya musu ba. Abin da na sani, in na ga ta gifta a tsakar gida, nakan iya haɗiye loma.”

Na kama kitson ƙarshe na tufke. Rabi ta shafa kanta, ta juyo.

Ta ce, “Inna, yau za mu tafi gida?”

Motar kasuwa tana bakin hanya ba ta tashi ba. Da na kama hannunta na fita, na san Yaya ba zai yi kokawa da ni a gaban mutane ba, bakinsa ne babba, ba zuciyarsa ba. Na dubi yarinyar, na dubi matar da ke riƙe da kwanon mai. Na ce mata ba yau ba. Ta ce to yaushe. A nan manyan kalmomin gidanmu suka zo mini har bakin harshe, in ce mata ba zan taɓa barinta ba, in ce ita tawa ce duniya da lahira. Na san daɗinsu, na kuma san abin da suke yi wa wanda ya yarda da su. Na haɗiye su.

Na ce, “In kitson nan ya tsufa, zan dawo in yi miki wani.”

Wannan na iya, kuma na yi. Duk sanda na ƙiyasta kitso ya tsufa sai in shiga mota, rani da damina. Ina zuwa, ina gaida Yaya, ina cin tuwon gidansa. Da auren Rabi ya zo na yi garar da aka ce ni zan yi, ba wanda ya tuna mini, ni ma ban tuna wa kowa ba. To ina gabar? Abin da ban yi ba shi ne in yi kamar ba a yi komai ba. In ya fara cika baki a gabana, duk duniya kaza, har abada kaza, sai in zuba masa ido kawai, sai ka ga maganar ta yi ƙasa.

Da ciwon ajali ya kama shi ina cikin masu jinya. Wata safiya ya sa aka fita aka bar mu, ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini. Kun ji ta kuma, duk. Kalma ce mai faɗi da mutum zai shige cikinta ya ɓuya ba tare da ya ambaci komai ba.

Na ce, “Wanne daga ciki, Yaya?”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, “Na Rabi. Na faɗa, Binta. Ba maganar baki ba ce. Kasawa na yi.”

Na ce na yafe, kuma har ga Allah a lokacin na yafe. Abin da nake jira ke nan tun ranar zauren. Duk wanda ya sake ce muku ban yafe wa yayana ba, ku ce masa yana ina aka yi.

Saboda haka, Aminu, ban hana ka ba Hadiza 'yarka ba. Ba ta, Allah ya sa albarka. Amma kai ba ka san abin da gobe za ta kawo gidanka ba, yadda Yaya bai sani ba. Ce mata ga ta nan ki riƙe, in wata rana na kasa zan zo da kaina in ce na kasa. Ba za a yi maka guɗa a kan wannan ba, na sani. Amma Hadiza za ta san irin riƙon da za ta yi, don ita za ta biya kuɗin maganarka, ba kai ba.

In kuma kana son ka san nawa ake biya, ga shi. Lami ta koyi kitson, ni na koya mata, ina riƙe hannunta ina nuna mata. Wata rana na sauka daga mota da matajina da man kaɗanya a ƙulle kamar kullum, na shiga gidan, na tarar da kan Rabi a kitse. Layin ya ɗan karkace ta gefen hagu, amma kitso ne mai kyau, kuma ba a yi kuka ba. Ta taso da murna ta karɓi ƙullina, ta durƙusa ta ce sannu da zuwa, Gwaggo. Ba wanda ya sa ta, girma ne ya zo, ta ga yadda 'yan'uwanta suke kirana. Na amsa mata lafiya lau, na mayar da matajin cikin jaka.

Ku duka Gwaggo kuke ce mini, a bakin uwarku kuka ji. Ni kaɗai na rage a duniya da nake tuna ta taɓa ce mini Inna.